Ruwan Zafi a Kan Roba: Sharhi Kan Kayan Haɗa Gahawa da Hannu

Wanda iyakar saninsa da gahawa ita ce 'yar ledar da mai shayi ke yage wa baki ya zazzage a kofi zai sha mamaki in ya ga yadda ake ji da ita a Turai da Amurka da Japan. A can akwai masu auna garin a sikeli, su auna zafin ruwa, su sa ido a kan agogo, sannan su tsiyaya ruwan da hannunsu kaɗan-kaɗan. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta shiga tsakanin irin waɗannan mutane ta hana su sakat. Kayan haɗawar da suka fi araha, har da wasu da suka yi suna wajen fitar da gahawa mai daɗi, da roba aka yi su, ruwan da ake kwarara musu kuwa kaɗan ya rage ya tafasa. Shin robar ba ta sakin wani abu a cikin abin da za a sha?

Maganar ba ta tsaya ga mutanen can ba. Ana noman gahawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, kayan haɗa ta kuma yanzu ana iya sayensu ta intanet daga ko'ina. Ban da haka, duk wanda ya taɓa shan shayi a kofin roba ko ya karɓi koko mai zafi a leda, tambayar nan tasa ce ko da bai taɓa ɗanɗana gahawa ba. Abin da ya dagula lissafin shi ne ana tara abubuwa daban-daban a kira su da suna ɗaya, ana kuma yaɗa alƙaluma masu tayar da hankali ba tare da an faɗi yadda aka same su ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Gahawa kalma ce da muka aro daga Larabci. Wasu na ce mata kofi, amma tun da kofi sunan mazubi ne a wurinmu, a nan gahawa ita ce abin sha, kofi kuma abin da ake sha da shi. Iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai narkewa, irin Nescafé da aka fara sayarwa a 1938, wadda tun a masana'anta aka dafa ta aka busar da ruwan, shi ya sa da ta ji ruwan zafi sai ta ɓace. Akwai kuma garin ƙwayar da aka soya aka niƙa. Shi ba ya narkewa. Ruwa yana janye ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ne kawai ya bar tsaki, don haka dole a nemi dabarar raba ruwan da tsakin. Duk kayan da za a yi magana a kansu dabarun wannan rabawa ne, kuma ana ce musu na hannu saboda ba sa bukatar lantarki.

Kalmar da ta fi rikitarwa ita ce roba. Bahaushe da ita yake kiran tayar mota da bokiti da gorar ruwa da cokalin yara, alhali a wurin masana waɗannan abubuwa ne da ba su haɗa dangi ba sai da nisa. Wanda ya juya gindin mazubin roba sau da yawa zai ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo. Lamba 5 ita ce folifirofilin, wadda ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyas, nesa da digiri 100 da ruwa ke tafasa. Lamba 6 ita ce folistirin, dangin farin soson nan da ake zuba abinci a ciki. Lamba 7 kuwa tarkace ce, duk robar da ba ta shiga sauran rukunan ba nan ake jefa ta, ciki har da folikabonet, roba mai ƙarfi mai haske kamar gilashi wadda ita ce tushen rabin wannan rigima.

Shi ma tsoron iri biyu ne, kuma raba su yana da muhimmanci. Na farko tsoron sinadari ne, wato wani abu da ke tsatsowa daga jikin robar ya narke a ruwa kamar gishiri. Na biyu tsoron ɓurɓushi ne, wato ita kanta robar ta riƙa marmashewa. Masana suna kiran duk guntun da bai kai milimita 5 ba ɓurɓushin roba, waɗanda kuma suka gaza kashi ɗaya cikin dubu na milimita za mu kira su ƙurar roba. Mazubi yana iya kuɓuta daga tsoro na farko bai kuɓuta daga na biyu ba.

Yadda kayan suke, da inda ruwa ke taɓa roba

Tacewa da takarda wata matar aure ce ta ƙirƙiro ta, Melitta Bentz, a birnin Dresden na Jamus a 1908. Ta gaji da tsakin da ke kwanciya a gindin kofi, sai ta huda gindin wani mazubin tagulla, ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta zuba gari ta bi shi da ruwa. Duk mazuraran gahawa na yau jikokin wannan dabara ne. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne V60 na kamfanin Hario, kamfanin gilashi da aka kafa a Tokyo a 1921. Mazurari ne mai faɗin baki da rami guda babba a ƙasa, cikinsa da zane-zane masu tudu da suka murɗa don kada takarda ta manne da bango. Ana ɗora shi a kan kofi, a sa takarda, a zuba kamar giram 15 na gari, a bi shi da ruwa mililita 250 mai zafin digiri 90 zuwa 96, a cikin minti uku an gama. Ana yin sa da roba, da tangaran, da gilashi, da ƙarfe, kuma siffar duk ɗaya ce. Wannan ne ya sa ya zama fagen gardamar, domin mai saye yana da zaɓi a gabansa.

Chemex kuwa wani masanin sinadarai Bajamushe mazaunin Amurka, Peter Schlumbohm, ya fito da shi a 1941. Gilashi ne guda ɗaya mai ƙirar kalangu, sama mazurari, ƙasa tulu, a ƙugunsa an ɗaura katako da tsinken fata don kada hannu ya ƙone. Babu roba ko ɗigo a hanyar ruwan. Takardarsa ta fi saura kauri, gahawarsa takan fito garau, mara nauyi a baki. Aibinsa biyu ne: tsada, da kuma cewa faɗuwa ɗaya ta ishe shi.

Akwai kuma hanyar jiƙo. Madannin Faransa, wanda a kanti za a ga an rubuta masa French press, tulu ne miƙaƙƙe da ake zuba barzajjen gari a ciki, a cika da ruwan zafi, a bar shi minti huɗu, sannan a danna wata rariyar ƙarfe ta tura tsakin ƙasa. Duk da sunansa, wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, shi ya yi rajistar ƙirar da ta yi kama da ta yau a 1929. Da yake rariyar ƙarfe ba ta tare maiƙo, gahawarsa tana da kauri da cika baki. Masu gudun roba sukan ruga gare shi, amma sai an duba da kyau, domin da yawa murfinsu roba ne, kuma ta bakin murfin gahawar ke fita.

AeroPress shi ne ƙaramin cikinsu a shekaru, shi ne kuma ya fi jawo magana. Alan Adler, injiniya da ya koyar a Jami'ar Stanford, ya fito da shi a 2005. Kamar ƙatuwar sirinji yake: bututu biyu, ɗaya na shiga cikin ɗaya, a ƙasa 'yar takarda zagayayya. Ana jiƙa garin a cikin bututun minti ɗaya ko biyu, a danna. Ba ya fashewa, yana shiga jakar tafiya, kuma da wuya ya ba mutum kunya. Sai dai a nan ruwan zafi yana zaune ne tsundum a cikin roba, ana kuma goga wata robar a jikin wata a duk dannawa.

Butar moka ta Alfonso Bialetti, wadda ta fito a Italiya a 1933, alminiyam ce mai kusurwa takwas da ake ɗorawa a wuta. Tururi ne ke tura ruwa daga ɗakin ƙasa ya ratsa gari ya haura ɗakin sama. Mariƙinta roba ne amma ba ya taɓa gahawa. Abin da ke taɓawa shi ne wani zoben roba mai laushi da ke toshe mahaɗar ɗakunan biyu. Tsofaffin hanyoyi kuwa tun kafin a san roba suke: 'yar tukunyar tagulla mai dogon mariƙi ta Turkawa, dallar Larabawa da alhazai suka sani a Makka da Madina, da jabana ta yumɓu da ake dafa gahawa da citta a cikinta a Sudan, inda Hausawa da yawa suke zaune, da 'yar'uwarta ta Habasha.

Me ya kai roba cikin harkar tun farko?

Araha da rashin fashewa, wannan kowa ya sani. Dalili na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Tangaran da ƙarfe suna shan zafi. In aka zuba ruwa a mazurarin tangaran mai sanyi, kafin ruwan ya gama aikinsa a kan gari bangon ya sace wani kaso na zafinsa, gahawar sai ta fito da tsami-tsami. Roba ba ta da wannan kwaɗayin. Shi ya sa ƙwararru da yawa, waɗanda kuɗin tangaran bai gagare su ba, suke zaɓar V60 na roba da gangan. Maganin matsalar tangaran ɗin mai sauƙi ne, a ɗauraye shi da ruwan zafi sosai kafin a fara, amma dai ya kamata a san cewa masu kare roba ba rowa ce kawai ke damunsu ba.

Labarin BPA

BPA taƙaitaccen sunan wani sinadari ne, bisfenol A, wanda da shi ake gina folikabonet da kuma shafen da ake yi wa cikin gwangwanayen abinci. Wani Barashe, Aleksandr Dianin, ya fara haɗa shi a 1891, kuma tun a shekarun 1930 masana a Ingila suka lura yana kwaikwayon istirojin, ɗaya daga cikin sinadaran da jiki ke aika saƙo da su wajen tafiyar da girma da haihuwa. An bar maganar ta kwanta shekaru da yawa. Abin da ya taimaka wajen tayar da ita wani kuskure ne a ɗakin gwaji. A 1998, a wata jami'a da ke Cleveland a Amurka, masaniyar ƙwayoyin gado Patricia Hunt ta ga ƙwayayen haihuwar ɓerayen gwajinta sun fara lalacewa ba gaira ba dalili. Da aka bi sawu sai aka gano an wanke kejinansu da gorunan ruwansu, waɗanda na folikabonet ne, da wani sabulu mai kaifi da ya cinye fuskar robar, BPA ya riƙa tsatsowa. Bayan shekara goma masu bincike a Jami'ar Cincinnati suka nuna cewa tafasasshen ruwa yana sa gorar folikabonet ta saki BPA da saurin da ya kai ninki 55 na ruwan da ba a dafa ba. Waɗannan biyun sun kafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: zafi da lalacewar fuska su ne ke buɗe wa sinadari ƙofa.

Daga nan hukumomi suka fara motsi, amma ba da murya ɗaya ba. Kanada ta riga kowa hana shi a bulumbotin jarirai, Tarayyar Turai ta bi a 2011, Amurka a 2012. A 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta rage adadin da take ganin mutum zai iya ɗauka kullum ba tare da illa ba, daga mikirogiram 4 zuwa nanogiram 0.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ragin da ya kai ninki 20,000. Cibiyar auna haɗurra ta gwamnatin Jamus ta ce an wuce gona da iri, ta ba da nata adadin, nanogiram 200. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta tsaya a kan cewa ɗan abin da ake samu a abinci ba ya cutarwa. Duk da saɓanin, a watan Disamba na 2024 Tarayyar Turai ta zartar da hana BPA a kayan da ke taɓa abinci, tare da ba masana'antu wa'adin sauyawa.

Ga mai gahawa, abin da wannan ke nufi a fili yake. AeroPress na farko, daga 2005 zuwa 2009, folikabonet ne. Kamfanin ya ce gwajinsa bai nuna BPA a cikin gahawa ba, amma duk da haka ya sauya roba a 2009, sannan ya koma folifirofilin a 2014. Ita folifirofilin ba a gina ta da BPA. Saboda haka wanda ke tsoron BPA a sabon mazurari mai lamba 5 yana tsoron abin da ba ya wurin. Wanda kuma ya gaji tsohon kaya mai haske kamar gilashi, mai lamba 7, da ya fara dusashewa yana tsattsagewa, shi ne ke da dalilin ajiye shi.

Sai dai tambarin "babu BPA" da ake mannawa a kaya bai kashe bakin zancen ba. Wasu masana'antu sun maye gurbinsa da 'yan'uwansa, BPS da BPF, waɗanda gwaje-gwaje suka nuna halinsu bai yi nisa da nasa ba. Akwai kuma Tritan, roba mai haske ta kamfanin Eastman da ake yin wasu kayan gahawa da ita, wadda ba ta cikin dangin bisfenol. Wasu kamfanonin gwaji biyu a Texas sun yi iƙirarin ita ma tana kwaikwayon istirojin, Eastman ya kai su kotu ya kuma yi nasara a 2013. Hukuncin ya wanke ta a gaban shari'a, amma masu shakka suna cewa kotu ta yanke hukunci ne a kan kalaman talla, tambayar kimiyya kuwa a ɗakin gwaji ake warware ta.

Ɓurɓushi: manyan alƙaluma da yadda ya kamata a karanta su

Nan ne tsoron ya fi kamari a yau. A 2019 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka ce jakar shayi guda ta zaren roba, in aka tsoma ta a ruwa mai digiri 95, tana sakin ɓurɓushi kusan biliyan 11.6 da ƙura biliyan 3.1. A 2020 wasu a Dublin suka gwada bulumbotin jarirai na folifirofilin, wato irin robar da muka ce ta kuɓuta daga BPA, suka samu har miliyan 16 a kowace lita a ruwa mai digiri 70, kuma adadin na hauhawa da ƙaruwar zafi. A Kharagpur ta Indiya aka gwada kofin takarda irin na sha-ka-yar, wanda cikinsa shafe yake da siririyar leda, aka ƙirga kusan 25,000 a mililita 100 na ruwan zafi bayan minti 15. A farkon 2024 kuma masu bincike a Jami'ar Columbia suka ƙiyasta kusan 240,000 a kowace litar ruwan gora, ruwan da ko ɗumi bai ji ba.

Waɗannan alƙaluma ba ƙarya ba ne, amma suna bukatar a karanta su da natsuwa. Babu ɗaya daga cikin binciken nan huɗu da aka yi a kan mazurarin gahawa. Jakar shayi siririn zare ce da ke nutse gaba ɗaya a ruwa, bulumboti kuma ana dafa shi ana jijjiga shi da ƙarfi, mazurari kuwa dunƙulalliyar roba ce da ruwa ke bi ta jikinta minti uku. Ƙirga abin da ido ba ya gani ma aiki ne mai wuya: masana a Jamus sun ƙalubalanci binciken jakar shayin, suna cewa da yawan abin da aka ƙirga ba guntayen roba ba ne, narkakkun sinadarai ne da suka daskare lokacin da aka busar da ruwan gwajin. Sannan biliyoyin ƙura in aka ɗora su a sikeli nauyinsu bai taka kara ya karya ba, ko da yake masu damuwa suna da amsa mai ƙarfi, cewa ƙanƙantar tasu ita ce abin tsoron, domin ita ke ba su damar ratsa bangon hanji.

Wani abin da ya faru a 2024 ya isa misali. An wallafa bincike a kan baƙaƙen ludayoyi da cokulan girki na roba, waɗanda ake zargin ana yin wasunsu da tarkacen kayan lantarki masu ɗauke da sinadarin hana kama wuta. Masu binciken suka ce abin da mutum zai iya ɗauka a rana, nanogiram 34,700, ya kusa kai iyakar da aka gindaya, wadda suka lissafa 42,000. Jaridu suka ɗauka, mutane suka yi ta zubar da ludayoyinsu. Daga baya aka gano kuskuren ninkawa ne: 7,000 sau 60 yana ba da 420,000. Masu binciken sun gyara, suka kuma ce har yanzu bai dace a samu irin wannan sinadari a kayan girki ba, kuma a nan suna da gaskiya. Amma gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba.

A ɗaya ɓangaren, ba daidai ba ne a ce babu komai. A watan Maris na 2024 likitoci a Italiya suka wallafa sakamakon bibiyar marasa lafiya 257 da aka kankare wa kitsen da ya toshe jijiyar wuya. An samu roba a cikin kitsen kashi 58 cikin ɗari nasu, kuma a cikin kusan wata 34 waɗannan sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa da ninki huɗu da rabi. Su kansu likitocin sun ce wannan bai tabbatar da cewa robar ce sanadi ba, tana iya zama alamar wani abu dabam a rayuwar mutanen. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a rahotonta na 2019 kan ruwan sha, ta ce ba ta ga hujjar babban haɗari ba a lokacin, amma ta nemi a ƙara bincike. Matsayin da ya fi kusa da adalci shi ne: fitar ɓurɓushi daga roba mai zafi tabbas ne, girman cutarwarsa ga ɗan Adam kuwa har yanzu masana na kai-kawo a kansa.

Akwai wani ƙaramin abu da masu cewa "ai takarda za ta tace" suke mantawa. A V60 gahawa tana ratsa takarda ne tukuna sannan ta gangara ta jikin roba zuwa kofi, don haka duk abin da bangon ya saki ya riga ya wuce mataci. A AeroPress takardar tana ƙasa, bayan jiƙon, tana iya tare manyan guntaye, amma ƙura da narkakken sinadari ba sa jin takarda.

Gudun gara, faɗawa gidan zago

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi, alhali hujjarsa ta fi ta roba ƙarfi. A cikin maiƙon gahawa akwai wani sinadari, kafestol, da ke ɗaga kolestarol, wato kitsen jini mai toshe jijiyoyi. Tun a 1983 bincike a garin Tromso na Norwe ya nuna alaƙa tsakanin yawan shan gahawa da hauhawar kolestarol, aka kuma gano dafaffiyar da ba a tace ba ce ke jawo hakan, sannan masana a Wageningen ta Holan suka gano kafestol ne mai laifin a shekarun 1990. Takarda tana kama kusan dukkansa. Rariyar ƙarfe ba ta kamawa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bibiyi mutanen Norwe sama da 500,000 na kusan shekara 20, ya samu masu shan tatacciya da takarda sun fi masu shan wadda ba a tace ba tsira daga mutuwar cututtukan zuciya, ya kuma ambata cewa wadda ba a tace ba tana ɗauke da irin wannan maiƙo kusan ninki 30.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya jefar da mazurarin roba ya koma madannin Faransa na zallan ƙarfe yana shan manyan kofuna huɗu ko biyar a rana, ya bar haɗarin da ake tababa a kansa ya rungumi wanda aka auna aka tabbatar. Gahawar Turkawa da ta jabana ma ba a tace su da takarda, sai dai ƙananan finjalai ake sha da su. Ta moka tana tsaka-tsaki. Mai hawan kolestarol ya kamata wannan ya fi tsaya masa a rai fiye da lambar da ke gindin mazurari.

Sauran kayan ma kowanne da nasa. Sabuwar butar moka takan saki ɗan alminiyam, shi ya sa ake zubar da dahuwar farko-farko, ba a kuma kankare dusashen da ya kwanta a cikinta. Tagulla sai an shafe cikinta da kuza, in shafen ya goge a sake. Tangaran mai arha mai ƙyalƙyalin fenti a ciki yana iya ɗauke da dalma. Binciken da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da maƙera ke zubawa daga tarkacen alminiyam a Kamaru ya samu dalma tana fita daga cikinsu, kuma cutarwar dalma ba abin gardama ba ce a wurin kowa. Shi kansa zafin abin lura ne: a 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi, amma ta ce shan kowane abu da zafinsa ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne yana jawo sankarar maƙoshi.

Inda kasuwa ta dosa, da abin da ya rage ga mai saye

Kamfanoni sun riga sun ji ƙanshin kuɗi a cikin wannan tsoro. A 2024 aka fito da AeroPress na gilashi da ƙarfe, farashinsa ya ninka na roba fiye da sau uku, kuma ya rasa abin da ya sa aka so na asalin, wato rashin nauyi da rashin fashewa. Dokar Turai za ta tsabtace kayan da ake kai wa Turai. Abin da ya kamata ƙasashen da ba su da irin wannan doka su sa wa ido shi ne kada kayan da aka kora daga can su sami masauki a kasuwanninsu.

In aka auna duka, mazurarin gilashi ko na farin tangaran ko na ƙarfe mara tsatsa, tare da takarda, shi ne ya fi kwantar da hankali, domin ya kauce wa roba ya kuma kama kafestol a lokaci guda. Mai mazurarin roba lamba 5 daga kamfanin da aka sani ba shi da dalilin firgita. Ya guji soson ƙarfe wajen wanki, kada ya bar shi a rana ko kusa da murhu, ya bar ruwa ya ɗan huce bayan tafasa (Adler da kansa digiri 80 yake ba da shawara ga AeroPress), ya kuma sauya shi da zarar ya ga ya dusashe ko ya fara tsagewa. Ya kuma tuna lissafin lokaci: mazurari minti uku yake tare da ruwan zafi, kofin da aka sha da shi kuwa yakan kai kwata na awa. Wanda ya tace a gilashi ya juye a kofin sha-ka-yar ya yi aikin baban giwa. Haka shayin da ake zubawa a kofin robar da ya shekara yana shan soso, da kokon da ake ƙullawa a leda yana tururi, sun fi kowane mazurari haɗa zafi da daɗewa da roba mara tabbas.

Matsalar takarda a wurare da yawa ita ce samunta, domin kowane mazurari da irin tasa, kuma kullum sai an sayo. Akwai mafita da Japanawa da mutanen Kosta Rika suka daɗe suna amfani da ita, wato matacin yadi: 'yar jakar auduga da aka ɗinka a jikin zoben waya. Yana tare maiƙo fiye da rariyar ƙarfe, ko da yake bai kai takarda ba. Ana ɗauraye shi da ruwa zalla ba sabulu bayan kowane amfani, a riƙa tafasa shi lokaci-lokaci don kada maiƙon da ya maƙale ya yi hamami. Sharaɗin kawai ya zama audugar gaske, domin wasu yadukan tatar kamu da ake sayarwa a kasuwa zaren roba ne, waɗanda aka yi domin ruwan sanyi. Gane su ba wuya: a zare zare ɗaya a kai shi bakin ashana. Auduga za ta ci wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, na roba kuwa zai nannaɗe ya narke ya bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri.